Damina uku muna karɓar maganin zazzaɓin da ake rabawa gida-gida

Ranar da suka fara yi mana sallama ina tsakar gida ina wankin kayan makaranta. Mata biyu ne, ɗaya da jaka a rataye, ɗaya da littafi da biro, bakin hijabinsu duk ya sha taɓon layinmu. Suka ce maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka kawo wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kyauta. Kafin in buɗe baki Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ɗaga labulen ɗakinta ta ce, "Kyauta? Mu da ko farasitamol sai mun saya, yau kuma har gida ake biyo mu da magani?"

Ban ga laifin Hajiya ba. Bakanuwa ce, da wayonta aka yi annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da aka sa yara 200 a gwajin maganin Trovan, har 11 suka rasu, wasu suka nakasa. A gabanta kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. A daminar da ta wuce kafin wannan, ɗana na tsakiya ya kwanta sau uku tsakanin Agusta da Oktoba, na ƙarshen har da jijjiga da tsakar dare, sai da aka ƙara masa jini. Uwar da ta taɓa rungume yaro idonsa ya kakkafe ba ta da ƙarfin dogon musu. Dama Baban yara ya ji sanarwa a masallaci, ya ce in sun zo a karɓa. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri a gwada, Allah ne mai tsarewa." Ta saki labule ba ta ce uffan ba. A gidanmu wannan izini ne.

Yanzu damina uku ke nan muna karɓa, ga ta huɗu ta kama, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi.

Maganin ƙwaya huɗu ne a ɗan kati ɗaya: fara guda, rawaya uku. Kala biyu suke yawo da shi, na jarirai daga wata 3 zuwa 11, da na yara daga shekara ɗaya zuwa gab da biyar, wanda ƙarfinsa ya ninka na farko. A ranar farko sukan ce a kawo ɗan kofi da cokali da ruwa mai tsabta, a narka farar da rawaya ɗaya, yaro ya sha a gabansu. Ragowar rawaya biyun a hannun uwa ake bari, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Sai su cike katin yaro, su yi rubutu da alli a jikin ƙofa, su wuce gida na gaba. Bayan mako huɗu su dawo. A wajenmu zagaye huɗu ake yi, daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da sauro yake cin kasuwarsa. Ma'aikatan lafiya SMC suke ce masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin sa tun 2012 a ƙasashen Sahel, inda zazzaɓin yake zuwa da damina, ya lafa da rani, don haka 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma suna karɓa.

Abin da ya kwantar wa Hajiya da hankali ba jawabin masu rabon ba ne. Ƙanwar maigidana nas ce, da ta zo gaisuwa ta juya katin ta karanta, ta ce farar ƙwayar ai irin Fansidar ce da ake ba masu ciki a wajen awo, rawayar kuma amodiyakwin ce, wadda manya suka sani da Camoquine. Hajiya ta ce, "Au, kamokwin ne? To ai mun sha shi mun gaji." Shi ke nan, baƙo ya zama ɗan gari.

Ya yi aiki? A gidana dai ya yi. Daminar farko na tsakiyan bai kwanta ko sau ɗaya ba, in ban da mura. Auta, wadda lokacin tana da wata takwas, ita ma lafiya lau ta fita. Na san gida ɗaya ba hujja ba ne, kuma a shekarar mun sake sabon gidan sauro, mun cike wani kududdufi da ke bayan katanga. Amma gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shi sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu, abin da idona ya gani kuwa bai saɓa da haka ba. Kuɗin da muka saba zubarwa a kemis a watan Satumba, a shekarar littattafan makaranta muka saya da su.

Damina ta biyu ce ta koya mini darasi, kuma laifina ne. A zagayen Agusta Auta ta sha na ranar farko da na biyu, rana ta uku ta faɗo ranar kamun wata 'yar uwa. Na ce in na dawo na ba ta. Na dawo a gajiye, na manta, washegari na ga ƙwayar a kan firji na ce ai biyu ma sun isa. Mako uku ba su cika ba jikinta ya yi zafi rau, tana ƙin nono, tana ƙin kunu. A ƙaramin asibitin unguwa aka tsaga mata yatsa, cikin minti ashirin layi biyu suka fito a abin gwajin, alamar ta kamu da zazzaɓin cizon sauro. Ba zan rantse cewa ƙwaya ɗayan nan ce ta jawo ba, tunda wanda ya shanye duka ma yana iya kamuwa. Amma malamar da ta duba mu ta tambaye ni ko na cika kwana ukun, da na yi shiru ta ce, "Maman Auta, ranar farko ce tamu, sauran biyun naki ne. Maganin yana zama a jini ne ya tare yaro kamar kwana 28, in ba a cika ba katangar ba ta kai ƙarshen wata." Tun daga ranar nake soke katin maganin a jikin igiyar gidan sauronsu, inda dole in gan shi da safe da dare.

A ganina duk darajar shirin nan a kan waɗannan kwana biyun take, kuma su ne babu mai sa ido a kansu. Masu rabo sun ga yaro ya haɗiye na farko, sun rubuta a littafi an ba shi, lissafinsu ya cika. Abin da ya faru gobe da jibi yana tsakanin uwa da Allah. Na san gidaje a layinmu da ake tara ragowar rawayar a gwangwanin madara, wai sai yaro ya yi zazzaɓi a ba shi. Wata maƙwabciyata har alfahari take yi ta tara na wata uku. Wannan asara biyu ce: yaro bai sami kariya ba, in kuma ya kamu, ƙwaya ɗaya ko biyu ba za su warkar da shi ba, sai dai su danne zafin jikin cutar tana ci a ciki. Wanda ya riga ya kamu gwaji yake buƙata da cikakken magani irin su Coartem, sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara don ya shiga jiki sosai.

Ɗaci kam akwai shi. An ce an sa masa zaƙi, kuma yana narkewa da wuri a cokali, amma rawayar tana barin wani ɗanɗano a maƙogwaro da yara ba sa mantawa. Na tsakiyan da ya hango jakar matan sai ya shige bayan Hajiya. Auta ta taɓa amayar da shi nan take, a kan zanin mai rabon. Ƙa'ida ita ce in yaro ya yi amai cikin minti 30 a bari ya huta a sake ba shi, kuma sun sake, ba tare da ɓata rai ba. Na lura in suka sha da abinci a cikinsu aman yana raguwa, don haka ranar da na ji suna layin baya sai in yi maza in dama koko. Rana ta biyu yaran sukan yi ɗan laushi, su rage wasa, su yi barcin rana mai tsawo, zuwa kwana na uku ko na huɗu su warware. Ƙuraje ko kumburin fuska ban taɓa gani ba, amma an gargaɗe ni in na gani in dakata in kai asibiti, kada kuma a sake ba yaron.

Inda nake da ƙorafi shi ne gaggawa. Matan farko sun zauna a tabarma, sun taɓa goshin yaran, sun yi tambayoyi: akwai mai zazzaɓi yanzu? Akwai wanda ya sha Septrin ko Fansidar a cikin watan nan? Akwai wanda magani ya taɓa yi wa feshin ƙuraje? Tambayoyin nan ba na ado ba ne. Yaro mai zazzaɓi ba a ba shi, asibiti ake tura shi. Septrin kuma dangin farar ƙwayar ce, ba a haɗa su, ga shi kuwa a unguwarmu yaro na yin tari ko gudawa Septrin ake fara sayo masa. Amma a damina ta uku, a wani zagaye, waɗanda suka zo ko zaure ba su wuce ba. Ina banɗaki, suka miƙa wa babbar 'yata mai shekara tara kati biyu, suka ce ki ba mamanki, suka shafa alli suka tafi. Da ban san yadda ake sha ba fa? Da gida ne mai jariri fa, aka rikita na babba da na ƙarami? Wani zagayen kuma sai da aka shiga mako na shida kafin su zo, alhali amfanin abin a kan lokaci yake. Na san gidajen da ake ɗora musu a rana suna da yawa, ga ruwa ga taɓo, ga gidajen da ake korar su. Ina tausaya musu. Amma minti biyu na bayani shi ne rabin maganin.

Sai batun na gargajiya, wanda a gidan da akwai kaka ba ya wucewa. Hajiya tana da tukunyarta ta damina: ganyen darbejiya, na mangwaro, na gwaiba, da lemun tsami. Da su ta raini 'ya'ya bakwai, ba kuma ni zan ce mata ba ta san komai ba. Na ma taɓa ba ta labarin cewa shi kansa Coartem asalinsa daga wani ganye ne da masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suka daɗe suna amfani da shi, har wadda ta gano sinadarinsa, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. Hajiya ta ce, "To kin gani." Na ce na gani, amma nasu an auna shi, an san na ɗan kilo goma, an san na ƙato. Jiƙon tukunya kuwa yau ya yi kauri, gobe ya tsinke, ludayin da babba zai sha ya tashi shi ake ɗura wa ɗan shekara biyu, hantarsa da ƙodarsa kuma ba su kai na babba ba. Mun daidaita a kan haka: tofi da addu'a kullum, wanka da ruwan ganye in ya huce babu laifi, amma ba a ɗura wa ƙananan jiƙo, balle a kwana ukun shan magani. Sirace kuma na manya ne, tun da na ga yaron da tukunyar ta kife wa a cinya. Ba kullum ake cika alkawarin ba. Wani lokaci nakan ji ɗacin darbejiya a bakin na tsakiyan, in kalli Hajiya, ita kuma ta kalli silin.

Wani ruɗanin da na ji a bakin mata da yawa shi ne ɗaukar sa a matsayin allurar rigakafi, har wata ta ce tunda ɗanta yana shan na gida-gida ba sai ta kai shi ta ƙyanda ba. Babu abin da ya haɗa su. Wannan magani ne da yake ƙarewa a jiki duk wata, shi ya sa ake maimaitawa. Allurar rigakafin maleriya ita ma ta fito, a Najeriya an fara ta a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, ana yi wa jariri a wata 5, 6, 7, sai ta huɗu a wata 15. Ko inda ta isa ba a ce a daina maganin damina ko a naɗe gidan sauro ba. Ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya suke cikinta ba ta da sararin zaɓen makami ɗaya.

In maki ake bayarwa, maganin kansa zan ba shi takwas cikin goma, ɗaci ya ci biyu. Rabon kuwa ya danganta da wadda Allah ya haɗa ki da ita a ranar.

Bana na tsakiyan ya cika biyar tun watan Mayu. Da suka zo zagayen Yuli, shi da yake gudu a da, sai ga shi ya ɗauko kofinsa ya tsaya a bayan Auta. Mai rabon ta duba katinsa ta ce, "Kai ka girma, Alhaji ƙarami, ka gama naka." Na roƙe ta ko za ta taimaka, ta ce awon na 'yan ƙasa da biyar ne, kuma kada in kuskura in raba masa na ƙanwarsa, duka biyun zan cuta. Na ji babu daɗi, don sauro bai san ya cika biyar ba. Da yamma na zauna na ɗinke hudar da ke gefen gidan sauronsa. Washegari ina fere doya ya zo ya ja mini zani, ya nuna katin da ke soke a igiya, ya ce, "Umma, ba ki ba Auta rawayarta ba."