Wata huɗu da takalmin gudun dutse a duwatsun Birni

Tun ƙarshen damina na fara shirin tseren Dutsen Kamaru, wanda aka soma a 1973, ake kuma yin sa a garin Buea a watan Fabrairu. Dutsen ya haura mita 4,000, a hau shi a sauko a rana guda. Mu a Damagaram ba mu da tsauni irin wannan, sai duwatsun nan da Allah ya jibge mana a unguwar Birni. Saboda haka atisayena maimaici ne: in hau da gudu, in sauko, in sake hawa, sau 12 zuwa 15 bayan sallar asuba, kwana uku a mako.

Makon farko da takalmin gudun kwalta na yi. Ƙasansa sumul yake, da na taka falalen dutsen da ƙura ta kwanta a kai sai santsi ya kwashe ni. Nan na nufi Kasuwar Dole wajen masu bosho, wato kayan gwanjo, na samo takalmin da aka yi musamman don gudu a kan dutse, jika 15 bayan ciniki.

Abin da ya fi burge ni haƙoran da ke ƙasansa. Tsawonsu ya kai milimita 5, robar kuma tana da ɗan laushi, shi ya sa take kama dutse kamar ƙafar ƙadangare. Na hau gangaren da a da sai na dafa da hannu, yanzu a tsaye nake wuce shi. A cikin tafinsa akwai wani faranti siriri mai tauri, wanda duk ya taɓa taka ƙayar aduwa ya san amfaninsa. Sau biyu ina zare ƙaya daga robar ba ta kai ga fatata ba. Bakinsa ma an lulluɓe shi da roba mai kauri, tuntuɓe ba ya kaiwa ga farce.

Amma ni a wajen saukowa na san darajarsa. Hawa numfashi yake ci, saukowa kuwa cinya da yatsu take ci, domin kowane taku naman gaban cinya ne ke taka wa jiki birki, shi ya sa ciwon ba ya tashi sosai sai bayan kwana biyu. Ƙafa kuma tana zamewa gaba a cikin takalmi, babban yatsa na dukan bakinsa. Ranar da nake gwadawa, mai takalman ya ce mini, "Malam, kai da 42 kake sawa, ɗauki 43, ƙafa tana kumbura in ta sha gudu." Na bi maganarsa, kuma har yau farcena ko ɗaya bai yi baƙi ba. Wani yayanmu da muke fita tare ya koya mini zura igiya ta ramin ƙarshe na sama, in ɗaure ta yadda dunduniya ba za ta motsa ba. Tun daga nan bororo ya bar ni.

Aibinsa guda biyu ne, kuma duk daga tushe ɗaya: don ƙasar sanyi da laka aka yi shi. Yana da shafi a ciki mai hana ruwa shiga, wanda a nan zufa kawai yake tarewa. Da hunturu babu laifi, amma ranar da na makara har hantsi ya ɗaga, safata sai da na matse ta. Sannan yashi yana shiga ta wuyansa, karangiya kuma tana manne wa igiyar. Sai da na kai wa wani dattijo baduku, na ce, "Baba, a yi mini abin da zai rufe wuyan nan." Ya ɗinka mini ɗan yadi mai roba da ke sauka daga idon sawu, ya kama aiki sarai.

Wanda zai sayi na bosho ya danna soson ƙasan da babban yatsa tukuna. Takalman gudu yawanci tsakanin kilomita 500 zuwa 800 sosonsu ke mutuwa, ko da samansu na sheƙi. Nawa ya zo da sauran rai, amma dutsenmu mai kaushi ne, haƙoran dunduniya sun fara cinyewa, don haka na daina taka kwalta da shi. A jaka nake sa shi in hau kabu-kabu, sai na isa gindin dutse in saka.

Da shi zan tafi Buea in Allah ya kai mu. Sai dai zan nemi na biyu marar shafin nan, don atisayen bazara idan na dawo.