Matashin kai mai gangare na masu ƙwannafi: inda ya yi mini aiki da inda ya gaza

Ƙwannafina na dare ne. Da rana lafiya lau nake, amma da na kwanta sai ruwan tsami ya taso har maƙogwaro, in wayi gari da dishewar murya da ɗaci a baki. Wannan ne ya sa na sayi matashin nan mai gangare, wanda yake farawa siriri daga wajen ƙugu ya yi ta tudu har zuwa kai. Nawa na soso ne mai tauri, tudunsa santimita 18, da riga mai zif da ake cirewa a wanke.

Dalilin da ya sa yake aiki ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen bututun abinci, inda ya haɗu da tumbi, akwai wata tsoka da ke rufe hanya bayan abinci ya wuce. Idan ta saki, asid ɗin ciki sai ya komo sama. Kamar kwalba ce mai sakakken murfi: a tsaye ba ta zuba, a kwance kuwa sai ta yoyo. Shawarar da likitoci ke bayarwa ita ce a ɗaga ɓangaren kai da santimita 15 zuwa 20, kuma ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta saka ɗaga kan gado cikin jagorarta ta 2022 ga masu fama da shi da dare.

Wani zai ce ai sai a jera filo biyu ko uku a huta. Ba ɗaya ba ne. Filo wuya kawai yake ɗagawa, ya lanƙwasa mutum a tsakiya, ciki ya matse, abin ma ya ƙaru. Shi wannan yana ɗaga ƙirji da kafaɗa da kai gaba ɗaya, baya a miƙe. Bambancin ke nan da na biya kuɗi a kansa, kuma na gani a jikina: tashin tsakar dare da tari ya ragu sosai, muryata ta dawo da safe. Ya fi yi mini idan na kwanta ta gefen hagu, domin tumbi a hagu yake, sai asid ya kwanta ƙasa da bakin bututun.

Amma fa yana da halinsa. Kwanakin farko zamewa na riƙa yi, in farka in tarar kaina ne kaɗai a kan gangaren. Sai da na sa ƙaramin filo a ƙarƙashin gwiwa na samu tsayawa. Kafaɗa ma ta sha wuya kafin ta saba, don soson bai da sassauci. Yana riƙe zafi, ga warin sabon soso da sai an shanya shi ya fita. Mai kwanciya rub da ciki kada ma ya ɓata kuɗinsa. Wanda kuma gadonsa ke da ƙafafu, zai iya cusa katako mai kauri ƙarƙashin ƙafafun wajen kai ya sami kusan abu ɗaya, in dai abokin kwanciyarsa ya yarda.

Abin da ya gaza yi shi ne rufa wa cin dare asiri. Duk ranar da na cika ciki da abu mai maiƙo na kwanta nan take, ƙwannafin na zuwa, da matashi ko babu. Sai na bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya matashin yake nuna amfaninsa. Ƙwannafin rana kuwa babu ruwansa da shi. Wannan sai rage ƙiba, barin sigari da sassauta ɗamara.

Idan abinci na maƙale maka, ko kana aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi, ko kana ramewa ba dalili, likita za ka nema, kada ka tsaya sayen matashi.