Garin Tom Brown: yana ƙara ƙiba, amma tsawon yaro yana buƙatar fiye da haka

Garin Tom Brown, wato garin kunun yara na gasasshen hatsi da waken suya da gyaɗa, da ake sayarwa a leda ko a roba a shaguna da bakin asibitoci kaya ne mai kyau, kuma ya fi kunun kamu zalla nesa ba kusa ba. Sai dai wasu masu tallarsa suna cika baki cewa yana sa yaro tsawo da kaifin ƙwaƙwalwa ko a wane shekaru yake. A nan ne ya kamata mai saye ya yi hattara.

Haɗin da ma'aikatan lafiya suka fi koyarwa shi ne awo 6 na hatsi (gero, dawa ko masara), awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. Idan an bi wannan awon, giram 100 na garin yana ba da kalori wajen 400 da furotin kusan giram 20, wato kusan ninki biyu na abin da gero kaɗai zai bayar. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 da ke shan nono yana buƙatar ƙarin kalori 200 a rana daga abinci, ɗan wata 9 zuwa 11 kalori 300, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuwa kalori 550. Ke nan giram 50 na garin ya wadatar da na farkon a yini guda.

Dalilin damuwa da tsawo ba ado ba ne. Tsawon yaro alama ce ta abin da ya ci da cututtukan da ya sha, tun daga ciki har ya cika shekara biyu. Ana haihuwarsa da tsawon santimita 50 ko kusa da haka, ya kai wajen 75 a shekara guda, sannan 86 zuwa 88 a shekara biyu. Wanda ya tsumbure a wannan tsakanin da wuya ya cike giɓin daga baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma kashi 57.

Hujja mafi ƙarfi a kan kunu irin wannan daga Guatemala ta fito. Tsakanin 1969 da 1977 cibiyar binciken abinci mai gina jiki ta INCAP ta riƙa ba yaran ƙauyuka biyu wani kunu mai suna atole, an kuma ba wasu ƙauyuka biyu abin sha mai zaƙi marar furotin. Da aka bibiye su bayan sun girma, mazan da suka sha atole kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki a kowace awa da ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin 100. Waɗanda suka fara sha bayan shekara uku ba a ga wannan ribar a tattare da su ba. Abin lura kuma, akwai garin madara a cikin atole, abin da yawancin Tom Brown na kasuwa ba shi da shi.

Raunin garin ke nan. Duk kayan haɗinsa na shuka ne, kuma hatsi da wake suna ɗauke da sinadarin fitet da ke hana hanji tsotsar sinadaran ayon (ƙarfe) da zinki, alhali zinki na cikin abin da ƙashi ke buƙata don ya miƙe. Saboda haka yaro zai iya yin kumatu a kan Tom Brown, ma'aunin tsawo kuwa bai motsa sosai ba. Maganin shi ne a haɗa masa da ƙwai, ko garin busasshen kifi, ko hanta, ko madara, a kuma ci gaba da shayarwa.

Wajen saye, a buɗe a sansana. Ƙamshin gasasshen hatsi ya kamata a ji. Ƙarnin ɗanyen wake yana nufin ba a soya waken ya gasu ba, kuma ɗanyen waken suya yana hana narkewar furotin, ya kumbura wa yaro ciki. Ɗaci kuwa ko dai an ƙona shi, ko man gyaɗar ya fara lalacewa don an daɗe da niƙawa. Gyaɗa ce ta fi ban tsoro: wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatozin, suya ba ta kashe ta, kuma bincike a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Idan an riga an niƙa, ido ba ya ganinta, don haka mai haɗawar da ke tsince gyaɗarsa ɗaya bayan ɗaya ya cancanci ƙarin kuɗinsa. A duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi. Wanda aka cika wa sukari ko aka rage wa wake don a ƙara riba, a bar shi.

Kuskuren da ya fi yawa a gida yake faruwa, wajen damu. Cikin jariri ƙarami ne, kofi guda ya cika shi, to idan an dama tsululu ruwa kawai ya sha. A kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta minti 5 zuwa 10. Kaurin da ake so shi ne wanda zai tsaya a cokali idan an karkata shi. A zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, a ba yaro da cokali, ban da ɗura. Abin da ya rage ya wuce awa biyu a zubar, domin zawo ɗaya yana cinye ribar kwanaki.

Yaron da awon damtsensa ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafunsa suka kumbura, ya wuce Tom Brown. Tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ba shi abincin magani na gyaɗa da ake rabawa a can.