Darussan YouTube ko ɗaukar kanka a bidiyo, wanne zai ciyar da kai gaba a bayolin?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, kace ka kusa shekara 2 kana koyon bayolin ba malami, yanzu ka tsaya cak, shin ka ƙara yawan darussan YouTube ne ko ka fara ɗaukar kanka da waya kana kallo. Duka biyun na yi, kuma gaskiya kowanne da aikinsa.

Malami abu biyu yake maka, ya nuna maka yadda ake yi, sannan ya tsaya a gefe ya ga yadda kai kake yi. YouTube na farkon kawai zai iya, kyamara kuma na biyun. To wanda ya kai shekara 2 yawanci ba bayani ya rasa ba, ya san izga, wato sandar da ake goga tsirkiya da ita, ya kamata ta tafi daidai da jaki, wannan ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi, ya ji sau ɗari, abun da bai sani ba shine tasa izgar tana karkacewa duk lokacin da ya kai wajen tsininta. Ni sai da na ɗora waya a gefen damana na kalla, wallahi kunya ta kamani, izga na zamewa can kan allon yatsu sauti ya koma hucin iska, ni kuma a raina ina ganin na miƙe sambal. Laifi tudu ne dama. Madubi yana ɗan taimakawa amma da ka juya kai don ka duba ka riga ka canza tsayuwarka.

Inda kyamara ta fi yiwa YouTube nisa shine daidaiton sauti. Bayolin ba irin gita bace da ke da ƙarafuna a wuya, yatsa ya goce kaɗan sauti ya tafi, kuma kunnen da ya shekara yana jin kuskure sai ya saba dashi har ya ɗauka daidai ne. Ga abun yana manne a ƙarƙashin kunnenka na hagu, hankalinka ya rabu gida uku, yatsu, izga, takarda. Idan ka ajiye ka saurari rikodin hannu sake, nan zaka ji sautin C ɗinka ya yi sama ko na F ya faɗi. Bidiyon wani ba zai taɓa gaya maka wannan ba komai ƙwarewarsa. Ka haɗa da abun da ita bayolin ɗin take baka kyauta: tsirkiyoyin G, D, A, E ne, idan ka ɗora yatsa na 3, wato na kusa da ƙaramin yatsa, a kan D kana kaɗa G kenan, in ya zauna daidai tsirkiyar G da baka taɓa ba zata yi amsa kuwwa har ka ganta tana rawa. Haka D a kan tsirkiyar A, haka A a kan E. Manhajar saita sauti ka barta ga ɗaure tsirkiya, A a kan 440, wato ma'aunin sautin da aka saba saita ta a kai, ban cika son mutum ya zuba mata ido yana kaɗawa ba don ido ne ke koyo kunne na barci. Gara ka kunna sauti guda mai ɗorewa, kamar D, ka kaɗa sikel ɗin D, wato jerin sautuka daga D zuwa D ta sama, a kansa a hankali.

Amma kar a ci haƙƙin YouTube. Kyamara zata nuna maka ciwo, maganin ba ruwanta. Ka ga izga na tsalle, to me ya kawo? Nan kake buƙatar ka ga hannun wanda ya iya, yadda babban yatsansa yake a lanƙwashe, yadda ƙaramin yatsa ke zaune a kan sandar. Sabon abu kuma kamar girgiza yatsa ko hawa matsayi na 3, wato matsar da hannun hagu sama a wuyan bayolin, ba yadda za'a yi ka ƙirƙiro da kanka, sai ka gani. Matsalar YouTube ɗaya, bashi da tsari, yau wannan yace ka sa matashin kafaɗa gobe wancan yace ka cire, kaga kana tsalle daga bidiyo zuwa bidiyo awa guda ta wuce baka ko shafa ƙaro a izga ba. Tsari a littattafan atisaye yake, littafin Wohlfahrt mai atisaye 60 shine daidai kai, na Kreutzer mai 42 ka barshi tukuna sai ka zauna sosai a matsayi na 3. Tsofaffi ne, ana samunsu kyauta a IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa.

Da nine kai, bidiyo ɗaya zan kalla a sati, kan matsala ɗaya da na gani a rikodin nawa, sauran kwanakin kuma ɗauka. Ba dogo ba, layi 2 ko 3, mitironom, wato na'urar ƙirga bugun kiɗa, a kan 60, ka kalla sau biyu, na farko da sauti a kashe don ka ga jiki kawai, na biyu ido a rufe. Ka zaɓi abu ɗaya ka gyara, kar ka ce duka, zaka karaya. Kuma ka dinga ajiye na farkon kowane wata, don cigaba a bayolin kamar girman yaro ne, wanda ke gida ɗaya dashi baya gani.

Akwai inda su biyun duk suka gaza, wato ƙanƙame jiki. Babban yatsan hagu da ke matse wuyan bayolin, ko haɓa da ke danna ta da ƙarfi, kyamara ba lallai ta kama ba. Wannan jikinka ne zai faɗa maka. In ka fara jin zafi a wuyan hannu ko kafaɗa ka ajiye, kar ka ce dauriya, kuma a nan kam ko zama ɗaya ne ta kiran bidiyo ka nemi wanda ya iya ya duba riƙonka.

In ka ɗauka ka turo mana, amma ka sa wayar a gefen dama yadda za'a ga jaki da izga tare, ba fuskarka muke son gani ba.