Yawon cefane a kan Super Cub, wata Asabar a lokacin kaka

Wata uku ke nan da na sayi babur ƙirar Honda Super Cub C125 a nan Manchester, amma sai a wata Asabar ta ƙarshen Oktoba na san abin da na saya. Motata tana gareji, uwargida kuma ta miƙo mini takardar aike: nama a Cheetham Hill, maganin tarin yara a kemis, saƙo a gidan waya, sai doya da attaruhu a Longsight.

Duk wanda ya tashi a Kano zai gane shi da gani ɗaya, domin roba-roba ne, sai dai daga wannan gidan duk sauran suka samo asali. Tun 1958 Honda ke ƙera Super Cub, kuma a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Nawa sabo ne da aka sa wa tsohuwar riga: ga farar garkuwar ƙafa irin ta da, ga fitila zagayayya, amma ba ka soka makulli, yana aljihunka za ka tayar.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne rashin kulochi a hannu. Giya huɗu ne, ka saki totur ka taka da ƙafa, shi ke nan. A cunkoson titin Wilmslow, inda bas ke bin bas, hannun haguna hutawa ya yi. Nauyinsa kilo 110 ne ko kusa da haka, don haka ina iya tura shi baya da ƙafa in saƙala shi a gurbin da mai mota ba zai ko kalla ba. Tankinsa lita 3.7 ne kacal, yana ƙarƙashin kujera. Na yi wunin nan ina zirga-zirga, ban ko leƙa gidan mai ba.

Kakar Ingila ba irin tamu ba ce ta sabon gero da gyaɗa. Ganye ne ke zubowa, ja da ruwan ɗorawa, yayyafi ya jiƙa shi ya manne da kwalta. Kyau a ido, santsi a taya kamar yauƙin kuɓewa. A wata kwana na taka birkin baya a kan tarin ganyen, sai na ji bayan babur ɗin ya yi gefe. Laifina ne, na shigo da gudu. Allah ya kiyaye, ƙafa kawai na dire.

Wani wautar da na yi, ban ɗaura kwando ba kafin in fito. Nama ya shiga jakar goyo, doya biyu na ɗaure da roba a baya, ledar attaruhu kuwa a cikin rigar sanyi na cusa ta. Wanda zai saye shi don cefane, ya haɗa da akwati ko kwando tun ranar farko, da safar hannu mai kauri, don kafin la'asar yatsuna sun sandare. Ba kuma babur ɗin babbar hanya ba ne, injin 125 ne, cikin unguwa ne gidansa.

A ƙofar kemis wani dattijon Bature ya tsaya yana zagaya shi, ya ce da irinsa yake zuwa aiki yana saurayi, ya tambaye ni na wace shekara ne. Da na ce masa sabo ne, sai da ya duƙa ya leƙa birkin gaba kafin ya yarda.