Viy na 1967 ko na 2014? Tsohon za ka ɗauka

Ɗan'uwa, tsakanin fina-finan nan biyu masu suna Viy, na 1967 da na 2014, da ka ce sun ruɗa ka, na 1967 za ka ɗauka. Duka biyun suna hannuna, amma ɗaya ne kawai nake komawa kansa.

Tushensu ɗaya ne, wato labarin da marubuci Nikolai Gogol ya fitar a 1835 cikin tarin labaransa mai suna Mirgorod. Gogol haifaffen yankin Poltava ne, a ƙasar Yukren ta yau, amma da Rashanci ya yi rubutunsa, shi ya sa za ka ga ƙauyen Kosak, wata al'ummar mayaƙan doki, na Yukren a allo, kana jin Rashanci a bakin mutane. Fim ɗin 1967 na kamfanin Mosfilm ya bi labarin sau da ƙafa. Ɗalibai uku na makarantar horar da limaman coci a Kiyef sun sami hutu, suka kama hanyar gida a ƙasa. Irin ɗaliban nan ne da kullum cikinsu ke kuka, suna tsayawa ƙofar masu hali su rera waƙoƙin coci a ba su abinci, kusan yadda almajiranmu ke fita bara, sai dai waɗannan suna haɗawa da barasa da ɗan hali. Dare ya riske su a dokar daji, suka roƙi wata tsohuwa masauki. Ta karɓe su da ƙyar, ta raba musu makwanci, ta kai ɗaya daga cikinsu, Homa Brut, wajen dabbobi. Can cikin dare ta shigo masa hannuwa a miƙe. Shi gogan ya ɗauka wani abu daban take nema, har yana ba ta haƙuri. Kafin ya ankara ta ɗare wuyansa, ta sukwane shi, suka tashi sama. Ya kama addu'a, ƙarfinta ya karye, suka sauko, ya rarumi itace ya dinga jibgarta, sai ga tsohuwa ta rikiɗe ta zama budurwa kyakkyawa tana numfashi sama-sama. Ya ranta a na kare.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ba a jima ba saƙo ya iso makaranta cewa 'yar wani shugaban mayaƙan Kosak tana bakin mutuwa, kuma ta ambaci sunan Homa Brut, shi take so ya yi mata addu'a dare uku. Aka tasa ƙeyarsa. Ya tarar ta cika, ya dubi fuskar gawa, ya gane ta. Uban ya ajiye masa zaɓi biyu, tukuici ko bulala. Kowane dare sai a kulle shi shi kaɗai da akwatin gawa a wata tsohuwar cocin katako, ba a buɗewa sai zakara ya yi cara.

Da 'ya'yan yayata na kalle shi, lokacin da suka zo mana hutu. Yaran nan idan fim ya girme su ba sa kallonsa da mutunci. Rabin farko dariya suka sha, musamman da na gaya musu cewa tsohuwar mayyar nan namiji ne ya fito a matsayinta, wani ɗan wasa Nikolai Kutuzov. Babban cikinsu har yana kwaikwayon tafiyarta a tsakar ɗaki. Da aka rufe ƙofar coci a daren farko, Homa ya bi ya kunna kyandir ko'ina don ya kori tsoro, ya tsaya yana karatu yana satar kallon akwati. Sai yarinyar ta tashi zaune. Ba wani kiɗa mai firgitarwa da ya riga ta, ta tashi ne kawai, cikin farar riga, da kambin furanni a ka. Homa ya durƙusa ya zana da'ira da alli ya kewaye kansa. Ta taho tana lalube, idonta a buɗe amma ba ta ganinsa, tana dafa iska a bakin da'irar tana neman kafa. Ɗakin namu ya yi tsit. Da safe matata ta kira ni in zo in ga abu: ƙaramin ya samo gawayi a madafa, ya zagaye katifarsa da shi tsaf, bai bar ko tsaga ba. Da aka tambaye shi ya ce shi ba tsoro ya ji ba, gwadawa yake.

Abin da ya sa fim ɗin yake kama mutum shi ne komai da hannu aka yi shi. Konstantin Yershov da Georgi Kropachyov ne suka ba da umarni, amma dabarun ban mamakin na Aleksandr Ptushko ne, tsohon gwanin fina-finan tatsuniya na Sobiyet, wanda ya yi fina-finan Sadko da Ilya Muromets. A dare na biyu akwatin gawar ne da kansa ya tashi yana shawagi a cikin coci, yana dukan da'irar, yarinyar tana tsaye a cikinsa gashinta na tashi. Akwatin gaske ne aka rataye ake wulwulawa, mutum ce ta gaske a ciki. Natalya Varley, wadda ta fito a matsayin yarinyar, 'yar wasan lilo ce a sama a gidan sarkus kafin ta shiga fim, shi ya sa take iya tsayuwar nan. Kyamara kuma tana juyawa da Homa a tsakiyar da'ira har kai mai kallo ka fara jin jiri. Homa ya fito da safe kansa ya yi furfura fat a dare ɗaya.

Ni wurin da na fi so ma ba a cocin yake ba. Yinin da ke tsakanin dare na biyu da na uku ne. Leonid Kuravlyov, mai wasan Homa, fuskar barkwanci gare shi, kuma da ita ya yi aiki. Ya sha ya yi tatil, ya sa aka yi masa kiɗa ya hau rawa shi kaɗai a tsakar gida, mutane na tsaye suna kallonsa ba mai dariya. Ya gwada sulalewa ta bayan gida, aka dawo da shi cikin lalama, kamar ba komai. Kowa a gidan ya san abin da yarinyar take, kowa ya san abin da ke jiransa, amma da magariba su ne za su raka shi har ƙofa su ja sakata. Homa ba waliyyi ba ne, malalaci ne mai son ciki, addu'ar ma rabi da rabi ya iya ta. Wannan ne ya sa kake tausayinsa.

Dare na uku kuwa sai ka gani da idonka. Hannuwa suna fitowa daga bango, ƙwarangwal na tafiya, halittu masu launin toka suna gangarowa daga saman katako, duk mutane ne aka shafe da fenti aka sa musu fuska. Duk yawansu ba mai ganinsa saboda da'irar. Sai yarinyar ta ce a kira Viy, dodon da fim ɗin ya ci sunansa. Gaskiya idan ya fito za ka ɗan yi murmushi, wani dunƙulallen abu ne mai nauyi da ƙyar yake ɗaga ƙafa, nan kam shekarun fim ɗin sun nuna. Amma fatar idonsa doguwa ce, ta rufe masa ido ruf, ba ya iya ɗaga ta da kansa, sai ya ce wa sauran su ɗaga masa. Homa ya san cewa muddin bai kalle shi ba ya tsira. Sauran na bar maka.

Duka fim ɗin bai wuce awa ɗaya da minti 17 ba, ko kusa da haka. Ana yawan kiransa fim ɗin tsoro na farko da Tarayyar Sobiyet ta yi, kuma sama da mutum miliyan 30 suka kalle shi a sinima a wancan lokaci. A ganina sunan Gogol ne ya ba shi mafaka. Gwamnatin da ba ruwanta da addini ba za ta bari a yi fim ɗin aljanu da addu'a haka kawai ba, sai don littafin na cikin adabin da ake alfahari da shi, kuma malaman cocin da ke ciki ba su fito da kwarjini ba.

Na 2014 fa? Yana da kyan hoto, wannan ba zan hana shi ba. Oleg Stepchenko ne ya ba da umarni, an daɗe ana jan aikin, da an so ya fito a 2009 lokacin cikar Gogol shekara 200 da haihuwa, bai samu fitowa ba sai Janairun 2014. An kashe masa kuɗi wajen dala miliyan 26, kuma ya yi kasuwa sosai a Rasha. Amma Homa ba shi ne jarumi ba. An ƙirƙiro wani Baturen Ingila mai zana taswira, Jonathan Green, wanda Jason Flemyng ya fito a matsayinsa. An kama shi da 'yar wani babban mutum, Charles Dance ne uban, ya gudo a keken doki ya ɓace hanya ya faɗo ƙauyen bayan abin ya riga ya faru. Daga nan fim ya koma bincike. Ka yi haƙuri zan ɗan tona: ƙarshenta nuna maka ake yi cewa yawancin abin tsoron makircin mutane ne da camfi da barasa, limamin ƙauyen ne ke juya jama'a. Gogol bai taɓa ba mai karatu wannan mafita ba, a wurinsa gawar ta tashi ne da gaske. Wuri ɗaya ne ya burge ni, inda Baturen ke cin abinci da Kosak suka fara rikiɗewa a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Sauran kuwa an yi shi ne don tabarau na 3D a sinima, a waya sai dai ka ga ana ta wurgo maka abubuwa a fuska ba dalili. Fiye da awa biyu, ga zaren labari barkatai. Wanda aka ɗora wa muryar Turanci mai suna Forbidden Empire ya fi muni, don an datse shi, wasu wuraren ba ka sanin yadda aka yi aka zo nan. Idan da yara za ka kalla, ka san cewa na 2014 ne mai 'yan wuraren da za ka nemi rimot.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tura fim da masu faifai, don sunan Viy ya zama tarko. Ni kwalin tsohon aka miƙo min, da hoton yarinyar a cikin akwati, na je gida na tarar da Baturen taswira yana Turanci. Da na koma mai shagon ya rantse min cewa ai duk ɗaya ne, wannan ma ya fi sabunta. Haka suke yi. Wani zai ce yana da "kashi na biyu" mai Jackie Chan da Arnold Schwarzenegger. Akwai shi, ya fito a 2019, Rasha da Sin suka haɗa hannu, ana sayar da shi da sunan Iron Mask. Amma babu Gogol a ciki, babu tsoro, kuma manyan nan biyu da aka cika kwali da fuskarsu suna can a kurkukun Landan, ɗaya fursuna ɗaya mai gadi, fitowarsu ba ta taka kara ta karya ba. Wani kuma, da yake an saki na 2014 a wasu ƙasashe da sunan Forbidden Kingdom, sai ya tura maka fim ɗin faɗa na 2008 mai Jackie Chan da Jet Li, wanda ko hanya ba su haɗa ba. Sannan akwai fim mai suna "Gogol. Viy" na 2018, shi kuma tsakiyar jerin fim uku ne, idan aka ba ka shi kaɗai za ka shiga labari ta tsakiya.

Don haka kada ka biya sai an kunna a gabanka. Na 1967 yana buɗewa da tambarin Mosfilm, gunkin namiji da mace sun ɗaga guduma da lauje. Mai launi ne, ba baƙi da fari ba. Hotonsa bai cika faɗin allo ba, za ka ga baƙi a gefe da gefe. Idan ya cika allo fuskoki sun yi faɗi, an ja shi ne. Duba tsawonsa, idan ya haura awa ɗaya da rabi ba shi ba ne. Ka sa a tsallaka zuwa minti goma sha biyar na ƙarshe ka tabbatar daren na uku yana nan, don kwafin da ya yanke a nan yake yankewa. Ka duba rubutun fassara a ƙasan allo yana tafiya daidai da baki. Shafin da ya ce ka sa lambar katin banki kafin ka kalli fim ɗin da ya haura shekara hamsin kuwa, rufe shi. Kafin ma ka je shago, leƙa tashar Mosfilm a YouTube, suna sakin tsofaffin fina-finansu kyauta, da yawa da fassarar Turanci, kuma gajeren fim irin wannan ba zai cinye maka data ba.

Idan ka gama da shi kana son ƙari, ka tsallake na 2014 ka nemi jerin ukun nan na Egor Baranov, inda Aleksandr Petrov ya fito a matsayin Gogol da kansa, matashin magatakarda da aka tura ƙauyen Dikanka binciken kisan 'yan mata, tare da Oleg Menshikov. Sun kwaso halittu daga labaransa daban-daban sun zuba a tukunya ɗaya, ba su kai tsohon ba, amma su aƙalla sun yarda aljanin aljani ne. Ka bi su a jere: na 2017 da farko, sai mai sunan Viy, sai na ƙarshen, duka biyun na 2018. Ka ce a tura maka ukun tare, ka ƙirga su kafin ka bar shagon.