Bazuwa a iska, a ruwa da cikin ƙarfe: ina bambancin yake?

Wani ɗan uwa daga Ringim ya tambaya: me ya sa warin taki ke tashi nan da nan, amma sukari yakan kwanta a gindin kofi sai an juya? Kuma shin abu mai tauri ma yana bazuwa?

Malam, tushen duka ɗaya ne. Ƙwayoyin da suka haɗa kowane abu kullum cikin motsi suke, suna barin inda suka cunkushe zuwa inda suka yi ƙaranci; wannan shi ne bazuwa. Sararin da suka samu shi ke raba saurinsu.

A iska sarari a wadace yake. Oksijin kan ratsa santimita 1 cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, kuma iska marar nauyi irin amoniya ta fi mai nauyi sauri. Amoniyar ce ke ficewa daga takin yuriyar da aka watsa bisa ƙasa mai damshi, shi ya sa ake tona rami a rufe taki. Sai dai in nisa ya ninka sau 10, lokaci sau 100 yake ninkawa. Mita 1 ma awanni zai ci, don haka ƙamshin turaren da ke cika ɗaki nan take kaɗawar iska ce ta kai shi.

A ruwa ƙwayoyi a matse suke, tafiyar ta ragu kusan sau 10,000. Sukari yana bukatar fiye da kwana guda kafin ya hau santimita 1 da kansa. Manomin fadamar Haɗeja ya fi kowa bukatar sanin wannan. In ruwa ya kwanta a gona 'yan kwanaki, ya cike ƙofofin ƙasa, oksijin ba ya isa saiwa da wuri, sai tumatir da masara su yi yaushi alhali suna tsaye cikin ruwa. Shinkafa tana tsira ne don tana da hanyoyin iska daga ganye har saiwa. Maganin kwanciyar ruwan shi ne kunya mai tudu da magudana, ƙarin taki ba ya gyara wannan.

A abu mai tauri kuwa kowace ƙwaya tana da gurbinta, da ƙyar take gusawa sai in zafi ya tsananta. A 1896 masanin kimiyya Roberts-Austen na Ingila ya auna yadda zinariya ke kutsawa cikin dalma. Haka ake taurara fatar ƙarfe: a rufe shi ruf cikin garin gawayi a zafin digiri 900 zuwa 950, sinadarin gawayin ya shiga kimanin milimita 1 cikin awanni da dama, sannan a tsoma a ruwa. In wuta ta yi rauni ba ya shiga sosai, in kuma iska ta samu kafa gawayin ƙonewa yake yi.